Ragowar Maganin Maharazu

"Guda nawa kike sha, Yaya?"

"Ɗaya ce kullum. Bayan koko, lokacin da na saba ba shi."

Juwairiyya, ƙanwar Barakatu mai aikin jinya a Mashi, ba ta saki wuyan hannun yayarta ba. Idonta na kan agogo. Yatsun da ta riƙe sanyi ƙalau, alhali rana ta cika tsakar gidan.

Wata biyu ke nan da rasuwar Maharazu, mijin Barakatu. An yi sadaka da rigunansa, ƙannensa sun ɗauke babur. Maganin hawan jininsa kaɗai aka manta a kan taga.

"Arba'in da shida a minti," in ji Juwairiyya. "Ke da ba ki da hawan jini! Maganin nan birki ne, gudun zuciya yake ragewa. Wa ya ce ki sha?"

"Ba kowa. Gabana ne ke faɗuwa in na ji babur a lungu. Da na sha ɗaya sai ya yi shiru." Ta faɗa kamar mai ba da labarin wata. "Yanzu ko sunansa aka kira, ba na jin komai."

"Shi ya sa kika yanke jiki jiya a bakin murhu. In kin miƙe, jinin ba ya isa kanki da wuri. Da tukunyar ta biyo ki fa?"

"To ki zubar da shi."

"Ba a yanke shi kwatsam, zuciyar zabura za ta yi. Likita ne zai rage miki a hankali. Tashi mu je."

"Takaba nake. Innarsa ta ce ko zaure kada in leƙa."

"Inna ce za ta ɗaga ki in kin sake faɗuwa? Wane malami ya hana mai takaba fita don lalura?"

Barakatu ta dafa ƙirjinta. Tana jin bugun can nesa, kamar daka a gida na uku. Ta nemo fuskar Maharazu a ranta, ranar da ya fara tsayawa a ƙofar gidansu da hula a karkace. Fuskar ta zo. Ba abin da ya motsa.

Ta miƙe a hankali, tana dafe da bango, ta tsaya a bakin ɗakin surukarta.

"Inna, zan fita. Asibiti za ni, ki yi haƙuri. Kafin la'asar zan dawo."