Kwanon da Ba a Wankewa

"Da hannu, ba da cokali ba," in ji Inna Mai Burodi daga kan katifarta. "Shekara arba'in bai taɓa ganin cokali ba, sai yau da na kwanta?"

Mai Keke ta ajiye cokalin, ta naɗe hannun riga, ta tsoma yatsu cikin kwanon. Tela ce, katanga ɗaya ta raba gidanta da na Inna, kuma da keken ɗinkinta duk unguwar ke kiranta. Abin da ke cikin kwanon kwaɓin fulawa ne mai tsami, ya yi ƙananan ramuka, warinsa na hawa kai. Inna na kiransa iri. Ba ta taɓa sayen yis ba. Kullum in ta kwaɓa burodi sai ta gutsuri dunƙule ɗaya ta mayar cikin kwanon, ta rufe da wani tsohon ƙyalle, gobe shi zai tayar da sabon kwaɓi. A hannun mahaifiyarta ta gaje shi, kuma ko kwanon ko ƙyallen ba wanda ya taɓa shiga ruwan wanki.

"Fulawa tafi biyu. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. In ya kwana uku bai ci ba, ya mutu."

"Na ji, Inna."

"Ba ki ji ba, Sarkin Kwaɗayi. Ke ci kawai kika iya."

Mai Keke ta yi dariya, amma ba ta ɗago kai ba, don kada ta ga ƙafafun nan na Inna da suka kumbura har suna sheƙi. Mako uku ke nan tanderun lakar da ke tsakar gida bai ga wuta ba. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce a kai ta gida ta huta, kuma kowa ya gane abin da yake nufi.

Sunan nan na Sarkin Kwaɗayi ya tsufa. Mai Keke tana shekara shida mahaifiyarta ta rasu, sai ƙamshin burodi ya riƙa tsallako katanga yana janta. Ita da Auta, 'yar Inna tilo da ta rayu, sukan tsuguna gaban tanderu da sassafe, gwiwoyi duk toka, suna jiran a buɗe murfi. Inna takan zaro gwangwanayen burodi da doguwar fartanya, ta ƙwanƙwasa gindin kowane burodi ta saurara, sannan ta yanke musu ƙonannen gefe. Faɗa suke yi a kan wanda ya fi baƙi. Amma duk ranar da Auta ta kai hannu cikin fulawa, sai ta sha duka a bayan hannu.

"Ke littafi, ni toka," Inna kan ce. "Ban haife ki don hayaƙi ya cinye miki ido ba."

Haka aka yi. Auta ta tafi makarantar kwana tana shekara goma sha ɗaya, ta zama ma'aikaciyar jinya a wani birni mai nisan kwana biyu a mota. Daɗin burodin uwarta ta sani, amma ba ta san ta ina yake fitowa ba.

Da hantsi wayar Inna ta yi ƙara. Tsohuwar ta gyara murya, ta yi wa Mai Keke alama ta tallafo ta.

"Lafiya lau nake. Ɗan mura ne. Yanzu ma na gama kwashe burodi."

"Inna, har a mafarki nake jin ƙamshinsa," in ji Auta. "Na nan kamar auduga yake. Ƙarshen wata za su ba ni hutu."

"To, yi aikinki, kada ki ɓata da manyanki."

Da aka kashe wayar, Inna ta daɗe tana neman numfashi. Mai Keke ta ji haushi.

"Wannan ƙarya ta isa, Inna. Ni zan kira ta."

"Kira ta mana. Kafin ta iso dai..." Ta nuna kwanon da haɓa. "In ta zo ba na nan, ki gasa mata. A tanderuna, ba a wannan gwangwanin naku na gas ba. Sannan ki damƙa mata kwanon, ki nuna mata yadda ake ba shi abinci. Na hana ta taɓa fulawa, ina ganin gata na yi mata. Yanzu ba ni da abin da zan bar mata sai wannan."

A ranar Mai Keke ta kira Auta ta gaya mata gaskiya. Auta ta yi kuka, ta zage ta, ta ce gobe tana hanya. Wurin aiki suka riƙe ta kwana ɗaya kafin a samu mai karɓarta.

Inna ba ta jira ba. Washegari da rana tsaka, Mai Keke na mata fifita, ta buɗe ido ta ce, "Ya ci?"

"Ya ci, Inna. Har ya taso ya taɓa ƙyalle."

"Madalla."

Ba ta sake cewa komai ba. Kafin inuwa ta kai bakin tanderu ta cika.

Gida ya cika da mata, kowace na neman kwanon zuba abinci. Mai Keke ta san halin masu son taimako, don haka ta sa kwanon irin a ƙarƙashin mayafinta ta kai shi gidanta, ta ajiye shi kusa da keken ɗinki. Tana kuka tana ba shi fulawarsa tafi biyu. Auta ta iso bayan an binne uwarta da kwana uku. Ta shiga ɗakin, ta tarar an naɗe katifa, ta zauna a ƙasa. Abinci kuwa ko loma ta ƙi.

Mai Keke ta so ta faɗa mata saƙon Inna tun a ranar. Sai ta ce a ranta, a'a, bari dai ƙamshin ya tashe ta, kamar dā. Ta so ta ga fuskar ƙawarta lokacin da za ta fito ta tarar da tanderu na hayaƙi. Wannan son burgewa ne, kuma har ta mutu ba za ta yafe wa kanta shi ba.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, ta tashi da safe ta mayar da kwanon gidan Inna. Ta ajiye shi a gurbinsa, ƙarƙashin kantar kicin, ta share tokar tanderu. Itace ya ƙare, sai ta fita nemowa. Mai itacen bakin titi bai buɗe ba, ta zarce kasuwa. A hanyar dawowa wata mai ɗinki a hannunta ta tare ta da ƙorafin wuyan riga, ta tsayar da ita a rana.

Tun daga ƙofar gida ta ji warin sabulu.

Auta ta ɗaura zani a ƙirji, ta fito da duk kayan kicin tsakar gida. Tukwane, gwangwanayen burodi, faranti, komai ya sha goga, an kife su a jere kan benci. A karon farko tun zuwanta akwai ɗan haske a fuskarta.

"Na kasa zama, shi ya sa na ce bari in motsa jiki," ta ce. "Kin ga yadda ciwo ya ci ƙarfin Inna? Wani kwano na samu a ƙarƙashin kanta, abu ya ruɓe a ciki har yana kumfa. Sai da na tafasa ruwa na jiƙa shi kafin ya fita."

Mai Keke ta sauke itacen a hankali. Ga kwanon can a ƙarshen benci, fari tas, ashe har zanen furanni gare shi a gefe. Tun tana yarinya take ganinsa, ba ta taɓa sanin yana da furanni ba.

"Ina kika zubar?"

"A magudana mana. Na bi shi da ruwan zafi saboda ƙuda." Auta ta kalli itacen, ta kalli tanderun da aka share, idonta ya kawo ruwa. "Burodi za ki yi mini? Wayyo 'yar'uwa. Wallahi shi kaɗai nake jin zan iya ci. Ke dai kin zauna da ita, kin san yadda take yi, ko?"

Mai Keke ta sake duban kwanon. Sai ta tuna da ƙyallen. Kwaɓi ya bushe a jikinsa shekara da shekaru, wataƙila in an kankare an jiƙa, wani abu ya farfaɗo.

"Ƙyallen da aka rufe shi da shi fa?"

Auta ta nuna bayanta da yatsa mai kumfa.

Yana kan igiya, an matse shi an shanya tsakanin zannuwan Inna biyu. Ruwa na ɗiga daga gefensa, ɗaya bayan ɗaya, a kan busasshiyar ƙasar da ke gaban tanderu.