Kazar Gwaggo a Kwalin Manaja

Jama'ata, barkanmu da warhaka. Ku ajiye abin da kuke yi, yau na zo muku da labari. Ba na dariya ba ne, ko da yake na san halinku, sai kun yi.

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san sana'ata: yawon gidajen abinci neman soyayyiyar kaza ta kirki, in ci, in gaya muku gaskiya. Wannan fatarta kamar jiƙaƙƙen kwali, waccan waje ya ƙone ciki da jini, haka dai. To bara na yi bidiyo a shagon mijin Yayata, wanda kowa ke ce wa Manaja. Kuma ban yi ƙarya ba. Lokacin Gwaggo ce a bakin kasko, wata dattijuwa marar son surutu, wadda in ka ciji kazarta sai na teburin gefe ya waiwayo. Na ɗaga cinyar kaza sama na ce duk garin nan babu irinta.

Manaja ya ciro hotona daga bidiyon, baki a wangale, mai na gangarowa a haɓa, ya manna a allon shago, ya buga a jikin kwali, har leda bai bari ba. Tun daga ranar sunana ya ɓace, Cinya ake kirana. Har yaran layinmu.

Sai suka saɓa da Gwaggo a kan mai. Ita ta ce in ya yi baƙi a zubar, shi ya ce a tace a ci gaba, ai ba a rijiya yake ɗebowa ba. Ta ɗauki matsaminta ta fita, ta buɗe ɗan shagonta bayan tasha. Kazar Manaja kuwa ta koma ɗanɗanon hayaƙin janareta. Amma fuskar wa ke jikin kwalin? Wani mai babur ya taɓa ɗaukata, muna tsakiyar titi ya kalle ni ta madubi ya ce ashe ni ne na sa ya kai budurwarsa can, har yau ba ta ɗaga wayarsa. Yana sauke ni na biya shi, ko canji ban jira ba.

Ku ce in je wani wuri in ci mana. Na gwada. Ina zama sai wayoyi su tashi, Cinya ya gudo daga shagon surukinsa. Wani mai shagon ma cewa ya yi leƙen asiri aka turo ni. In fito in faɗi gaskiya kuma, shagon nan shi ne cin Yaya da shanta, ga ta da tsohon ciki, ga ɗakin da nake kwana a gidansu yake. Kullum da rana Manaja zai aiko min kwali, kyauta, in buɗe, in kalli kaina ina murmushi, in rufe.

Shekaranjiya Yaya ta kira ni ɗakinta ta tura ƙofa. Ta rame, ko ruwa da ƙyar yake zama. Ta ce abu ɗaya ranta ke so a duniya, kazar Gwaggo. Na ce Yaya, duk garin nan ki rasa wanda za ki aika sai mai allo? Ta ce wa za ta amince wa, yaran shago da za su kai rahoto kafin mai ya yi zafi?

"Ni na goya ka, ɗan nema," in ji ta. "Kuma in Manaja ya ji, ka san sai gidan nan ya yi mana kaɗan."

Na ari hular kwano, na sa takunkumi, na ɗora tabarau, cikin zafin nan. Na cusa kwalin Manaja guda a cikin riga. Shagon Gwaggo ɗan ƙarami ne, benci biyu da fanka mai kuka, amma layi har bakin kwata. Ƙamshin da ya shigo min ta ƙarƙashin hula, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Da layi ya zo kaina na shaƙe murya na ce a ba ni cinya da fiffike. Shi ke nan fa, da na yi shiru da na tsira. Sai bakina ya ƙara da cewa a ɗan zubo ɓurɓushin nan na ƙasan kasko.

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce mutum ɗaya ta sani mai roƙon ɓurɓushi, kuma ta san ba don kansa ya zo a wannan shigar ba, yaya mai jikin? Ta zaɓo manya, ta yayyafa yaji sama-sama saboda ƙwannafi. Ina zaro kwalin daga riga ta ɗora matsami a kan hannuna.

"Ɗana, kazata ba ta shiga wannan."

Na ce to Gwaggo. Na karɓa a takardarta, na zaga bayan wata motar kaya, na tsuguna kamar ɓarawo na juye a kwalin. Ko ɓurɓushi ban taɓa ba, Allah shaida. To, kaɗan.

Yaya ta ci. Jama'a, ta ci har tana lumshe ido, kuma ya zauna. Ina tsaye ina jin daɗi a raina sai ga ƙarar mukulli. Manaja, wanda ba ya dawowa da rana, ya manta cajarsa. Ya ga kwalin shagonsa a cinyar matarsa, ya ga ƙasusuwa a tsotse, fuskarsa ta washe. Ya ce ashe yau an yi sulhu da kazarsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki fiffiken da ya rage.

Ya ciza. Ƙarar ta cika falon. Ya daɗe yana tauna, ni kuwa ina lissafin inda zan kai katifata. Yaya ta ƙura wa labule ido.

"Wa ya soya wannan?" in ji Manaja.

Na ce yaransa. Me kuke so in ce?

Nan take ya kira shago yana sa musu albarka, su ma marasa kunya suka amsa da amin. Ya dafa kafaɗata, idonsa har ya yi ja. Ya ce ya san mutane na zaginsa, ya san har ni na daina cin abin da yake aiko min, yana ganin kwalayen a shara bai taɓa magana ba. Amma ga shi Allah ya nuna man nan ba shi da laifi. Saboda haka ranar Asabar zan yi sabon bidiyo kai tsaye daga shagon, in gayyato ku duka, ɗanɗano kyauta. Ya riga ya yi wa mai buga allo magana, wannan karon babba, a bakin titi.

Tun jiya Yaya take min kallon tausayi, kuma ta sake aike na. Hular tana nan a ƙarƙashin gado. Na toshe Manaja kafin in rubuta wannan, don haka kada wani uban iya ya ɗauki hoto ya tura masa, na san ku.

In na yi bidiyon, za ku zo ku ci hayaƙin janareta ku tsine min, kuma da gaskiyarku. In na ce masa kazar Gwaggo ce ya yaba, na tona Yaya, na karya mutumin da ya ba ni ɗaki. Asabar kuma ba ta da nisa. Ku da kuke da bakin ba da shawara a kan komai, da ku ne a cikin hular nan, ya za ku yi?