'Yar Gida a Aljihun Umaru

Shekarar da mutanen Zugu suka gudo Bukkuyum, wata ƙungiyar agaji ta zo da dabara. Maimakon buhunan hatsi, sai ta buga shuɗɗan takardu ta raba wa masu gudun hijira su riƙa cefane da su. Mai gishiri ya karɓi takardar, shi ma ya sayi itace da ita. Ba ta aiki a wajen gari, shi ya sa ake ce mata 'yar gida. Masu dabarar sun yi ta alfahari, wai ko 'yan bindiga sun ƙwace ta ba abin da za ta tsinana musu. Komai sun hango, ban da mai tallar nono.

Habsu daga ruga take shigowa da ƙwaryarta. Ba a sa Fulani cikin rabon ba, ba a kuma ce kada su karɓa ba. Asabe, wadda aka kashe wa miji a Zugu, kullum sai ta zo da takardarta da yara uku a bayanta. Habsu ta kasa korar ta.

Wata ranar kasuwa zazzaɓi ya kwantar da Habsu, sai ta ba mijinta Umaru takardun ya auno gero. A shingen bakin gari 'yan sa-kai suka laluba aljihunsa.

"Kuɗɗin 'yan gudun hijira na," in ji shugabansu. "Wa kat tare kaƙ ƙwace?"

Suka ɗaure shi. Suka aika ruga cewa a kawo wanda ya ba shi kafin la'asar, in ba haka ba za su shiga da shi daji. Kowa ya san wanda aka shiga da shi daji ba ya dawowa.

Habsu ta tashi da zazzaɓinta, ta sami Asabe a makarantar da aka sauke masu gudun hijira.

"Don Allah, 'yar uwa, taho ki hwaɗa musu ke kib ba ni."

Asabe ta yafa mayafi ta bi ta. Habsu ta yi ta sa mata albarka har shingen.

Can kuwa mutanen Zugu sun cika wurin, har da ƙanen mijin Asabe da bindiga a kafaɗa. Ana ta cewa duk mai hulɗa da ruga, shi ke kai wa 'yan bindiga rahoto. Tsoro ya kama Asabe, ta riƙe hannun autarta gam.

"Ke, kin san wagga mata?" shugaban ya tambaye ta.

"Na san ta. Wurinta nika sayen nono."

Habsu ta sauke numfashi.

"Da mi kika biyan ta?"

Asabe ta dubi ƙanen mijinta, ta dubi ƙasa.

"Da naira," ta ce.

'Yan sa-kai ba su jira la'asar ba, suka ɗora Umaru suka ta da baburansu.