Duna da Jar Hula

Mutanen Matameye sun iya baki. Har yau in aka ambaci Baiwa sai ka ji an ce, "Wace Baiwa? Ta kare?" To ni ce, kuma ban ji kunya ba. Ku zauna ku ji daga bakina, kafin masu ƙarin gishiri su ɓata muku labarin.

Karen ba nawa ba ne. Na yaron nan ne, ɗana na fari, wanda kun san bakina ba zai kama sunansa ba. Mafarauci ne kamar ubansa, Allah ya jiƙan uban. Shi ya samo Duna yana ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, ya yanke masa kunnuwa yadda mafarauta ke yi, tare suke shiga daji, tare suke fitowa. Shekarar da Nasara ke ɗibar samari zuwa yaƙinsu, dogaran Nasara masu jar hula suka zo bisa dawakai suka kama yaron a ƙofar gidana. Duna ya yi kansu, ɗaya ya maka masa gindin bindiga a haƙarƙari. Ina bakin turmi ina gani. Ban yi kuka ba. Uwa ta yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a? Ai da an yi da ni har jikoki. Na ci gaba da daka, amma Allah ya sani ban san abin da nake dakawa ba.

Shekara uku babu labari. Abin da ba zan iya yi wa yaron a fili ba, sai na riƙa yi wa karensa. Ni ke ba shi ƙanzo, ni ke cire masa kaska. A gida Duna salihi ne, kaji na kiwo a kusa da hancinsa. Amma ya hangi jar hula, to shi ke nan, ba ya ji ba ya gani.

Wata ranar kasuwa Kadiri, babban masu jar hula da kumandan, Baturen mulki, ke aikowa daga Damagaram, ya ratso ta bakin rijiya ina ɗiban ruwa. Kafin in sauke tulu, Duna ya cafke agarar dokinsa. Doki ya yi tsalle, Kadiri ya faɗo tim cikin taɓo, a gaban matan gari kaf. Wallahi har da masu guɗa.

Ya tashi yana lalubar bindiga. Mai garinmu, Shekara, shi ne ya shiga tsakani, yana ba shi haƙuri, yana cewa karen na wanda ke bautar Nasara ne a bakin daga. Kadiri ya share taɓo daga gemunsa ya dube ni.

"Inna, don darajar ɗanki na bar shi yau. Bayan girbi zan dawo, har ƙofar gidanki zan zo. In ya yi mini ko da gurnani ne, harsashi ɗaya ya ishe shi."

Na ce, "Ka zo. Za ka same shi kwance."

Mai gari ya ja ni gefe. "Baiwa, kin san abin da kika faɗa kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ai da bakina na faɗa."

Daga nan masu shawara suka yi mini ca. Wannan ya ce in ɗaure shi in yi ta dukansa har ya horu. Wancan ya ce ai mafarauta kan ba kare maganin zafin zuciya yana ƙarami, sai an nemo makarinsa. Wata ma cewa ta yi in kai shi Icirnawa in yar, in huta. Haba! Duka ne ya mai da shi haka, kuma da duka za a gyara shi? Ni na san ciwon karen nan. Tsoro ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi kuma Duna nasa gudun gaba yake yi.

Na samo tsohuwar hula, na kai wa dukawa suka rina mini ita da karan dafi, ta fito ja zur. Na kafa sanda can ƙarshen gonata na ɗora mata hular, na dawo nesa na zauna da Duna, da ƙanzo jiƙe da romo cikin ɗan ƙoƙo.

Abin da na gano shi ne, kare ba ya haukacewa lokaci ɗaya. Sai ya fara rufe baki ya daina haki. Sai wutsiya ta sandare. Sai gashin baya ya miƙe. In gashin nan ya miƙe, to ka makara, ko sa ka yanka masa ba zai dube ka ba. Saboda haka ina ganin ya rufe baki sai in ce, "Duna, kwanta," da muryar da nake kiransa cin abinci. In cikinsa ya taɓa ƙasa, sai in jefa masa ƙanzo. Ba ya tashi sai na ce, "Je ka." Kullum da hantsi muna gona, kullum ina matsowa taku biyar. Ran da ya ƙi ci, na san na matso da yawa, sai mu koma baya.

Da hula a kan sanda ta daina damunsa, na kira ƙanena Ummaru na ce ya sa ta.

"Yaya, ni kika raina ko? Duk garin nan ba ki ga wanda za a ci ba sai ni?"

"Sa hula, malam. Wa zai ci ka, kai da ba ka da tsoka?"

Ya sa, yana ta mita. Kwana takwas abu na tafiya daidai, sai daɗi ya ɗebe ni. Na ce ya hau jaki ya iso har gabanmu. Ashsha! Duna ya tsinke igiya, ya raba Ummaru da rabin wandonsa. Ummaru ya sheƙa gida yana rantsuwa ba zai ƙara ba. Ban daki kare ba, don laifina ne, garaje ba ƙarfi ba ne. Na ɗinke wandon da hannuna, na dama wa mai shi fura da nono mai kauri, muka koma ƙarshen gona kamar ba a taɓa farawa ba.

Bayan gona sai bakin rijiya. Bayan rijiya sai gefen kasuwa, wajen mahauta, inda ƙamshin nama da hayaniya ke ruɗa kare. Bayan nan sai hanyar Kance, inda mahaya ke wucewa. Mata na dariya, suna cewa Baiwa ta buɗe wa kare makaranta. Na ce su yi ta yi. Ana cikin ɗaure damman gero, Ummaru ya zo a kan dokin aro da jar hula, ya zagaya mu sau uku. Duna na kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙafata, ni yake kallo.

Kadiri ya cika alkawari. Da hantsi ya iso, da mai gari, da rabin Matameye a bayansu, don kowa na son ganin ƙarshen abin. Can baya kuma akwai waɗansu mutane huɗu a ƙasa, ramammu, da jajayen huluna da suka koɗe. An ce sojojin da aka sallama ne yake rakawa garuruwansu. Ban ko dube su ba, idona na kan bakin Duna.

Na cire masa igiya na ce, "Kwanta." Ya kwanta. Kadiri ya matso da doki har numfashin dokin na taɓa mu. Ya sauka, ya buga ƙafa, ya kaɗa bulala. Duna ya dube shi, ya dube ni, ya yi hamma. Jama'a suka ɗauki sowa.

Sai iska ta juyo.

Duna ya ɗaga hanci. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya zabura, ya wuce Kadiri kamar kibiya, ya nufi mutanen nan huɗu. Na ji ƙarar kunamar bindigar Kadiri. Ban yi ihu ba, don ban taɓa koya masa da ihu ba. Na ce, "Duna. Kwanta."

Ya ja birki da ƙafafu huɗu har ƙura ta tashi. Ya kwanta a tsakiyar fili, jikinsa na ɓari, wutsiya na share ƙasa, yana kuka ƙasa-ƙasa. Gashin bayansa kwance yake luf. A nan na san ba faɗa ya tafi yi ba, sai na ɗaga ido na dubi wanda yake kallo.

Ya rame, ya yi baƙi, hannun rigarsa na hagu a naɗe yake babu komai ciki. Ummaru ne ya fara ƙwala kira, "Manu! Wallahi Manu ne!"

Kadiri ya sauke bindiga a hankali. Ya ce, "Inna, kin ci. Ko sojan kumandan bai kai karen nan jin magana ba."

Yaron ya tako ya durƙusa daga nesa, yadda ya kamata, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, na same ku lafiya?"

Gari duka na kallona. Ƙafafuna na so su ruga, hannuwana na so su kama fuskar nan su shafa, ina son sa kamar raina zai fita. Amma ɗan fari ne. Na kau da kai gefe na ce, "Lafiya. Sannu da hanya."

Duna na nan kwance tsakaninmu, yana dubana, yana dubansa, yana jiran kalma ɗaya.

Na ce, "Je ka."