Jitar Filibus Ta Zama Ta Jama'a

Da sojoji suka shirya miƙa mulki a 1999, Ishaya ya ci kujerar kansila a mazaɓarsu ta unguwar Television. Da kansa ya je gidan Filibus, tsohon abokin kiɗansa, ya roƙe shi ya zo da jitarsa ta bes, mai kaurin sauti, ya yi wasa ranar walimar cin zaɓe. Bai ambaci cewa shi ne ya buga jitar da bango ba, ranar da ƙungiyarsu ta watse da faɗa a wani otal tun zamanin samartaka. Filibus ma bai tuna masa ba, domin yanzu mutumin ya zama Honarabul.

Damaris, matar Filibus, ita ta jawo jitar daga ƙarƙashin gado. Wuyan ya tsage, gara ta ci gefe guda, tsirkiyoyin sun yi tsatsa. Ta ce da a bar mata ta hura wuta da ita.

Filibus ya kai ta wurin Wilfred mai gyaran rediyo, wanda ya taɓa yin aikin kafinta. Kullum Filibus ya taso daga aiki a masaƙa a Kakuri, can yake wucewa. Suka ɗura gam a tsagar, suka ɗaure wuyan da robar tayar keke har ya kama. Inda gara ta cinye, Wilfred ya sassaƙa guntun maɗaci ya cike, Filibus ya yi ta gogawa da samfefa har yatsunsa suka sale. Wayoyin ciki duk sai da aka sake su. Ranar da suka jona ta da lasifika, Filibus ya taɓa babbar tsirkiya, kwanon rufin shagon ya ɗauki rawa. Ya juya baya ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

A wurin walima ya yi waƙa biyu, tsofaffin mata suka miƙe suna rawa. Sai Ishaya ya hau dandamali, ya karɓi jitar ya rataya don a ɗauke shi hoto. Tafi ya yi masa daɗi. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Ga romon dimokuraɗiyya na farko. Na ba matasan mazaɓar nan wannan jita kyauta."

Aka yi guɗa. Kafin Filibus ya buɗe baki, shugabar matasa, wata yarinya mai suna Edith, ta rungume jitar tana godiya. Ishaya ya raɗa masa cewa za su yi magana daga baya. Bayan haka duk lokacin da Filibus ya je ofishinsa, sai a ce Honarabul yana mitin.

Damaris ta so ta je ta ƙwato, Filibus ya hana. Ashe a cikin matasan babu wanda ya iya kaɗa ta. Suka zo har gida suka roƙe shi ya riƙa koya musu ranar Asabar a zauren coci, ya amsa.

Asabar ta farko, Edith ta buɗe kabad ta fito da jitar, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, a bi ta a hankali, don Allah. Kayan gwamnati ne."

"To, 'yata," in ji Filibus. Ya zauna, ya ɗaure tsirkiyar da suka sassauta, ya ce kowa ya matso kusa.