Hasken da Darlene Ta Gani

"A sake kashe fitilu," in ji Dakta Halloran. "Duka."

Ɗakin tiyata ya yi duhu ɗulum, alhali ƙarfe sha ɗaya ne na safe. Shuɗin haske kaɗai ya rage, yana sauka cikin buɗaɗɗen ƙoƙon kan Walter Friesen. Darlene Kowalchuk, nas mai miƙa kayan aiki, ta ɗaga ido ta dubi allon bango mai nuna cikin kan. Babu komai.

Karo na uku ke nan da aka kashe fitilun. Da asuba ake ba mara lafiya wani ruwan magani ya sha, kansar ta zuƙe shi, in an haska mata shuɗi sai ta yi ja kamar garwashi cikin toka, likita ya bi ya kwashe. Shekara tara Darlene tana ganin haka. Yau kuwa an cire ƙullutun da ya taso daga ƙodar Walter ya zo ya ci masa ƙashin kai, amma daga ƙullutun har gefen ramin da ya bari babu abin da ya haska. Ga babbar jijiyar jini kwance kusa da ramin, tazarar ba ta fi faɗin yatsa ba.

"Manomin Saskatchewan ke nan," in ji Gurdeep, likita mai sa barci, daga bayan labule. "Har kansarsa ma tsimin lantarki take."

"Kula da injinka, sarkin surutu," in ji Halloran, bai ɗago ba. "Wata kansar ba ta shan maganin. Na kwashe abin da idona ya gani. A rufe."

Darlene ta kai hannu kan tire, sai ta tuna Lorna, matar Walter, da ta riƙe mata hannun riga a bakin ƙofa ɗazu. "Bara ma cewa suka yi sun cire duka," ta ce mata. "Wata takwas ta dawo. Don Allah kada a bar masa ko ƙwaya."

A nan ta gan shi. Can ƙarƙashin leɓen ƙashin, wani ɗigo ja kamar kan sigari a duhu. Bai motsa ba, amma sai ta ji kamar kallonta yake.

"Dakta, dakata. Akwai saura."

"Ina?"

"In ramin agogo ne, daidai ƙarfe biyu."

Halloran ya karkata madubin tiyata mai ƙara girman abu, ya daɗe yana kallo. Ba a jin komai sai hucin injin numfashi.

"Ban ga komai ba, Dar."

Ta sake duba. Ɗigon ya tafi.

"Ka san yana dusashewa in ya daɗe a haske," ta ce. "Na gan shi. Wallahi na gan shi."

"Ƙarfe biyu kan jijiyar ne. In na taɓa ta ta fashe, minti uku ya ishe shi. Gurdeep, kai ka gani?"

"Ni lambobi nake gani, ɗan'uwa. Amma matar nan ta taɓa hango allura a ƙarƙashin takalmina."

Halloran ya ja numfashi. "Ba ni abin yankan ƙashi."

Ta ɗora masa a tafi. Ƙas. Ƙas. A na uku jini ya ɓalle, kuma cikin shuɗin hasken baƙi ƙirin ya fito, kamar tawada, ya cika ramin kafin ta kifta ido.

"Fitilu! Auduga! Tsotse nan!"

"Ƙarfin jininsa yana faɗuwa," in ji Gurdeep, babu sauran wasa a bakinsa. "Saba'in. Sittin. A kawo jini, jaka biyu!"

Darlene ba ta san yadda hannuwanta suka yi ba. Miƙa, karɓa, miƙa. Ƙarar injin ta shige mata har cikin haƙori. Sai da aka yi minti ashirin kafin Halloran ya ɗaga yatsunsa a hankali, ramin ya tsaya a bushe.

"Ya dawo," in ji Gurdeep. "Ko zai tashi da hannunsa na hagu, wannan sai ya farka."

Guntun ƙashin da aka yanko yana cikin kwalba, fari fes, bai fi farce girma ba. Halloran ya dube shi, ya dubi Darlene.

"In ɗakin gwaji suka ce kansa ce, ke kika cece shi."

Bai faɗi abin da zai biyo baya ba in suka ce ba kansa ba ce.

Aka ƙwanƙwasa gilashin ƙofa. Wata mata ce da ba wanda ya sani, doguwa, ta ɗora rigar tiyata a kan kwat. Ta shigo taku ɗaya ta tsaya.

"Daga ofishin binciken kurakurai nake," ta ce. Ta ɗaga wata 'yar kwalba mai sunan Walter Friesen, cike, hatiminta ko tsaga babu. "Maganin da ke sa kansa ta haska ne, a ɗakinsa aka tsince shi. Nas ɗin asuba ta riga ta sa hannu cewa ya sha, kafin ta ba shi aka kira ta wani gado. Ko ɗigo bai shiga cikinsa ba."

Matar ta dubi jinin da ke ƙasa, ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"An ce mini wani a ɗakin nan ya ga haske. Wane ne?"