Filas ɗin da Fasau ya fasa

Ranar da maigidana ya fara cin abinci a gidanmu a matsayin suruki, gwiwar hannunsa ta ture filas ɗin shayi daga kan tebur. Filas ya fashe, shayi ya malale har ƙarƙashin kujerar Baba. Bawan Allah ya durƙusa yana tsince ɓaraguzai, yana ba da haƙuri kamar wanda ya yi kisan kai. A take Yayana ya raɗa masa suna Fasau. Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san sunan zai bi shi har mu hayayyafa ba.

Tun daga nan, duk abin da ya fashe a gidan, tambayar farko ita ce ko Fasau ya zo. In ya leƙo a makon, magana ta ƙare, shi ne. In bai zo ba, sai a share wurin a yi shiru, gobe kowa ya manta. Shi ko a jikinsa, har amsa sunan yake yi. Ni ce abin ke ci wa rai, don na san mutumin da nake aure: ko ƙwai ya ɗauko daga shago, tafiyarsa canzawa take yi.

Sana'ar Baba gilashi ce. Shagonsa ɗan ƙarami ne, madubai a jingine da bango, gilasan taga a jere a bayan ƙofa, sai tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo inda yake yanka. A bara cutar yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba sunkuyo, ba shiga ƙura, har sai ido ya warke. Yaya direban babbar mota ne, ba ya zama gari. Maigidana kuwa kamfanin da yake haɗa wa tagogi ya rufe, yana zaune a gida. Ko yaro ya san yadda ya kamata a yi.

"Baba, ga mijina nan," na ce. "Aikinsa ke nan, gilashi yake ɗagawa kullum."

"Fasau? A shagon gilashi?" Baba ya kalle ni da idonsa mai ɗan dama-dama. "Ke dai ba kya tausayina. Gara na ɗaga aikin idon zuwa baɗi."

Kuma da gaske yake, har ya fara neman lambar asibitin a waya. Likita ya riga ya gaya mana jinkiri ba alheri ba ne ga idon. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni.

Mama tana da wata ɗabi'a da muke tsokanarta a kai: ba ta yar da fasasshen abu. Tana da babban kwali a sito, komai ya fashe sai ta jefa ciki, wai wata rana za ta sayo gam ta liƙe. Ba mu taɓa ganin gam ɗin ba. Ran nan bayan an ci abincin rana ta ce na jawo mata kwalin tsakar falo. Ta zauna, ta ciro rabin farantin tangaran.

"Malam, wannan wa ya fasa?"

"Wa kuwa zai fasa?" in ji Baba.

"Kai ne. Kana waya da hannu ɗaya, kana ɗauke da shi da ɗayan."

"Wannan ai tsautsayi ne."

Ta ciro agogon bango da fuskarsa ta tsage. Wannan Yaya ne, garin kashe sauro da tsintsiya. Baba ya ce ai shi Yaya gaggawa ce ta yi masa yawa ranar. Ta ciro tsohon tabarau ɗin Baba, wanda ya zauna a kai da kansa. Ya ce wanda ya ajiye shi a kujera shi ne mai laifi, Mama ta tuna masa shi ya ajiye. Kofuna, murfin tukunya, fitila, har da madubina na 'yanmatanci da na yar a bayi. Kowanne Mama ta san ranarsa da mai shi, kowanne kuma Baba na da uzurin da zai ba shi. Can ƙasan kwalin ta ciro gangar filas, ta ajiye a gefe ita kaɗai.

"Ga nasa," ta ce. "Shi nasa hali ne, namu duka tsautsayi?"

Baba ya daɗe yana kallon tarin da ke gabansa, wanda rabinsa aikin hannunsa ne. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Kun dai haɗa min kai, ke da 'yarki."

Ya fita shago, na tafi gida ina ganin mun yi aikin banza. Da yamma sai ga wayarsa.

"Ki ce wa mijinki ya same ni a shago gobe da safe. Ya shigo da hannuwansa a aljihu har sai na ce ya fitar."

An yi aikin idon lafiya. Ranar sallama Baba ya fito da bandeji a ido ɗaya, ɗayan kuma ba ya gani sosai, ga matattakalar asibitin mai santsi. Yaya ya dawo daga tafiya, ya miƙa masa hannu. Baba ya laluba ya wuce shi, ya kama kafaɗar maigidana.

"Riƙe ni da kyau, Fasau. A hankali."

Na bi su a baya ina share ido da gefen mayafi, ina jin daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Yanzu ido ya warke, amma Baba bai karɓi makullin shagon daga hannun maigidana ba. Kujera yake sawa a bakin shago, yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Jiya na kai musu abinci ni da Mama, muka tarar wata mata tana so a kai mata babban madubi gida, tana ta nanata a bi shi a hankali.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," in ji Baba. "Wannan surukina ne. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya fasa ko kofi ba."

Mama ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa.